Man Makau da Ba Ya Narkewa

Ku gyara zama ku ji yadda Makau ya yi zawarcin Luba mai man kaɗe, don mutanen Gummi da yawa sun ga ƙarshen abin a kasuwa amma ba su san inda ya faro ba.

Makau ɗan Inna Dija ne, ta unguwar masu wankin hula. Ya yi 'yan shekaru a ramukan zinari wajen Anka, ya dawo babu zinari babu takalmi, sai waya mai fasasshen gilashi da baki mai kaifi. In ka same shi a teburin mai shayi sai ka rantse shi ya koya wa zinari ƙyalli. Waɗanda suka yi aiki da shi kuwa sun ce tasa ɗaya aka ba shi yana wanke yashi, ita ma tasar ya ɓatar da ita.

Luba ita ce mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da tukunyar dafa kaɗe. Ba ta je ƙofar kowa roƙo ba. Ita ke sayen ƙwallon kaɗanya, ita ke daka, ita ke tuƙi, ita ke curawa, ita ke zama a rumfa. In ka taya kayanta tayin wulaƙanci, ƙara kuɗi take yi, ta ce na lokacinta ne da ka ɓata. Masu zawarci sun zo sun koma, har da mai babur sabo. Makau ne kawai ya nace, shi ma ba don an ba shi fuska ba.

Wata ranar kasuwa cikin bazara ya iske ta ta yi tagumi. Curin man ya lanƙwashe a faifai yana tsiyaya ta gefe.

"Luba, mi ya ɓata miki rai haka?"

"Kana da ido ai. Na kai shi Bukkuyum, kahin in isa ya zama ruwa. In ya kwana ya daskare sai ya yi tsaki-tsaki, mata su ce yashi na zuba musu. Kaya cike da ɗaki, rana tana sha."

Makau ya yi dariya, ya gyara hula. "Wanga ai wasan yara ne! Mutumin da ya raba zinari da yashi za a gaya ma haɗi? Ni zan haɗa miki man da ko bakin murhu anka aje shi ba ya narkewa. Santsi kamar na kanti, laushi kamar ƙwaƙwalwar rago."

"In ka yi, mi kake so?"

"Kin san abin da nike so."

Luba ta dube shi tun daga hula har tsagaggun dugadugai, sannan ta leƙa rumfar kusa. "Jatau! Aje hular nan ka zo ka yi shaida." Jatau mai wankin hula ya taso yana goge hannu. Ta ce, "In Makau ya kawo man da ya wuni cikin ranar kasuwar ga har faɗuwarta bai narke ba, ya tura magabatanshi wurin kawuna a Nasarawa Burkullu. In ya narke, ko inuwar ƙofata kada ya sake takawa."

"Na ji, na shaida," in ji Jatau. "Allah Ya ba mai rabo."

"An gama," in ji Makau. "Ba ni 'yan curi in fara da su."

"Ba ka? Saye dai."

"Haba Luba, na zaci tsakaninmu..."

"Abin da ke tsakaninmu faifan ga ne, kuma na sayarwa ne."

Ya biya, ko ƙwandala ba ta rage masa ba.

Da ya isa gida ya sauke tuwon Inna Dija daga murhu bai gama nuna ba, ya ɗora ƙaramin kwano. Ya narkar da man kaɗe, ya jefa kakin zuma a ciki, don ya taɓa jin wani a waya yana cewa kaki ne ke sa mai ya tsaya. Mutumin ya ce ɗan kaɗan, amma Makau ya ce ɗan kaɗan na matsorata ne, ya jefa dunƙule guda. Da abin ya huce sai ya zama dutse. Inna Dija ta sa cokali, cokali ya karye. Ta sa wuƙa, wuƙa ta zame ta kusa cire mata yatsa.

"Makau, wanga da mi za a shafa shi? Da gatari?"

"Inna, ba ki san sinadari ba. Ya yi ƙarfi ne kawai, sassauta shi za a yi."

Sassautawa sai da ƙarin man kaɗe, man kaɗe kuwa sai wurin Luba. Ta auna masa, ta ce tun da bazara ta yi nisa kaya sun hau. Ya haɗa da man gyaɗa kwalba guda don ya yi saurin laushi. Laushi ya samu, har ya wuce gona da iri. Mai ya koma ruwa tsululu, yana ƙamshin ƙuli-ƙuli, kwano ya yi masa kaɗan sai da aka koma tukunyar miya.

Ya ce nauyi ne ya yi masa yawa, na kanti ai sakayau yake kamar kumfa, don haka ya kwarara ruwan randa. Mai ya hau sama, ruwa ya kwanta ƙasa, suka ƙi kallon juna kamar maƙwabtan da suka yi rigimar iyakar gona. Ya tuƙa da muciya har gumi ya jiƙe masa riga. Yana tsayawa suka sake rabuwa. Nan ya tuna yadda mata ke sa kanwa in suna son manja ya kama ruwa, sai ya juye kanwar Inna Dija duka, wadda ta tanada don kunu. Abu ya yi fari, ya kumbura, ya tashi ya leƙo bakin tukunya, ya gangaro ya kashe wutar murhu.

"Kin gani?" in ji Makau. "Ya fara rayuwa!"

"Allah Ya sa kada ya fara tahiya," in ji Inna Dija.

Aka aro tukunyar biki. Yanzu an haɗu, amma kaurinsa kaurin kunun marar lafiya ne. Makau ya tsuguna ya yi tunani: me ke sa ruwa kauri a duniya? Kuka. Ya zuba garin kuka. Ya ga bai isa ba, ya jiƙa dargaza irin wadda magina ke kwaɓa yaɓen ɗaki da ita, ya tace ya ƙara. Da ya ɗaga muciya, mai ya biyo ta yana yauƙi har sama da kansa bai tsinke ba, kore shar.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Hure, maƙwabciyarsu ta bayan danga, ta shigo da malmalar tuwo a kwano.

"Inna Dija, an ce kun yi miyar sadaka, ga ni na zo da tuwona."

"Ba miya ce ba," in ji Makau. "Man gyaran jiki ne na manyan mata."

"To manyan mata da tuwon dawa suke shafawa ko na masara?"

"Ki yi dariyarki, Hure. Ranar da matan Gusau za su yi layi ƙofar gidan ga, ke ko warin murfin ba ki samu."

"Warin kam na samu tun daga ɗakina."

Don ya kashe koren ya zuba farar ƙasa da sitacin rogo. Launi ya dawo toka-toka, amma nauyi ya ƙaru har muciya ta tsaya a tsakiya ƙyam ba mai riƙe ta. Aka koma tuƙi da taɓarya. Ya yi tauri, sai a sassauta. Makau ya sake komawa rumfar Luba, ya sake komawa, har ya sayar da wayar mai fasasshen gilashi da rigarsa ta Juma'a. Duk zuwan da ya yi, Luba sai ta tambaye shi cikin ladabi, "Ya aiki, injiniya?" Shi kuwa ya ce, "Saura ƙiris." Ta ce, "Allah Ya taimaka," ta ƙara kuɗi.

Da tukunyar biki ta cika aka yanko rabin ganga. Sai dai mai ya yi gudaji-gudaji, hannu ya kasa murje su. Makau ya ɗiba a bokitai ya kai injin markaɗen Namadi, ya ce masa ƙullun alale ne na wani biki. Kafin nan ya riga ya juye kwalaben turare masu arha don ya danne warin ƙuli-ƙuli. Inji ya haɗiya, ya yi tari, ya tofo. Gudaji sun mutu kam, amma washegari duk mai ƙosan da ta kai wake wurin Namadi ta soya ƙosai mai ƙamshin amarya, yana zamewa daga hannu. Masu sayen koko ma suka dawo da shi, don geron a injin aka markaɗa. Mata suka yi wa injin tsinke da bokitai, Namadi ya kwaso su ya kawo ƙofar gidan Inna Dija.

"Fito, maƙaryaci! Alalen wa ake sa ma turare?"

Makau ya leƙo ta saman danga. "Namadi, gode mini za ka yi. Injinka tun da anka saye shi bai taɓa shan mai irin wanga ba."

"Mijina ya ci ƙosaina ya tambaye ni wa ya zo gidan!" in ji wata.

"To kin ga har an fara kishinki, tun ba ki shafa ba."

Sai da Inna Dija ta fito ta durƙusa tana ba da haƙuri, ta yi alkawarin wanke injin da toka da hannunta, sannan suka watse.

Ana cikin haka gangar ta fara tsami. Sitaci da kuka sun ji zafi, suna fitar da kumfar iska, fut, fut, kamar ƙullun da ya kwana. Makau ya ce abin da ke hana nama lalacewa shi zai hana mai, ya zuba gishiri mudu guda. Ya ƙara zuma don fata ta ji daɗi. Duk da haka in ya ɗan ɗiba ya aje a rana sai ya ga yana zufa ta gefe. Ana gobe kasuwa ya je wurin Jatau, ya tarar yana shanya huluna a kan kututture, kowace ta tsaya tsaf tana sheƙi cikin rana.

"Jatau, mi ke sa hulunan ga su wuni a rana ba su lanƙwasa ba?"

"Ƙaro mana. Shi muke jiƙawa mu shafa."

"Nawa kake da shi?"

"Makau, ƙaro na hula ne. Hula ba ta da baki, ba ta ƙifta ido."

"Kai dai wankin hula ka iya, bar ma masu ilimi haɗi."

Ya sayi ƙaron duka, ya jiƙa, ya juye a ganga. Da ya tuƙa sai ga abu ya yi sumul, yana sheƙi, ba ruwa ba tauri. Inna Dija da kanta ta leƙa ta ce, "Wallahi a ido dai ya yi kyau." Makau ya ce ta fara shirin goron tambaya.

Ranar kasuwa ya ɗora gangar a baro, ya aro lasifikar wani mai tallar maganin basir, ya kafa a fili daf da rumfar Luba, inda babu ko inuwar kara. Bayan filin kuwa kara ce, inda ake sayar da shanu.

"Jama'a ku matso! Man Makau, ɗan Anka jikan Gummi! Tsohuwa ta shafa ta koma budurwa! Mai kaushi ya shafa ya taka darduma ba kunya! Ba ya narkewa, ba ya tsaki, ba ya tsoron rana!"

Mutane suka taru, har da masu ƙosan nan, sun zo ganin ƙarshensa. Luba ta fito ta sa yatsa ta taɓa, ta shinshina, ta goge a jikin baron.

"Mai dai a jiki ake gwada shi, ba a ganga ba. Wa za ta shafa?"

Mata suka ja da baya kamar an ce maciji. Hure ta ce ita fatarta ɗaya ce, ba ta da ta canji.

"Tsoro kuke ji?" in ji Makau. Ya tuɓe riga ya rage daga shi sai wando, ya cika tafi biyu. Ya shafe fuska, ya shafe gemu da gira da ƙeya, ya bi wuya da ƙirji da hammata, ya sa aka lafta masa a baya. Ya buɗe hannuwa kamar shaho, ya washe haƙora yana juyawa don kowa ya gani. Gaskiya ya yi ƙyalli. Wata tsohuwa har ta ce, "Kai, yaron ga ashe yana da kyau."

Rana ta ɗaga. Ƙaro ya fara aikinsa.

Abin da Makau ya fara ji shi ne kumatunsa suna ja. Ya so ya rufe baki, baki ya ƙi, murmushin ya bushe a inda yake. Ya so ya sauke hannuwa, gashin hammata ya ce bai yarda ba. Girarsa ta ɗage sama ta tsaya, ya zama kamar wanda aka yi wa albishir ya kasa farfaɗowa.

"Makau, kana lahiya?" in ji Jatau.

"Lahiya lau," in ji Makau ta tsakanin haƙora. "Aiki yake."

"Kun ji ƙarfin hali! Dubi yadda yake ta fara'a."

Ƙudaje suka ji zuma suka sauko, duk wanda ya sauka sai ya maƙale. Bayansu ƙudan zuma suka iso suna zagaya masa kunne. Aka kira azahar, wani dattijo ya kawo buta ya zuba masa a hannu don ya yi alwala, ruwa ya gangare kamar a bayan agwagwa. Dattijon ya girgiza kai. "Ɗana, ruwa bai taɓa fatarka ba. Wanga ba alwala ce ba, wankin tulu ne."

Sannan iska ta juya wajen kara. Shanu suka ɗaga hanci, suka ji kanwa da gishiri. Wani babban bijimi fari ya fizge igiya, saura suka biyo shi. Mutane suka dare. Shanu suka tunkuɗe baro, ganga ta kife, suka sa baki suna lasa har da ƙasar wurin. Bafulatanin da ke da su ya iso da gudu da sanda, ya tsaya ya ga yadda suke rububi, sai ya juyo wurin Makau.

"Sannu maigida. Kanwar nan taka nawa buhu? Ban taɓa ganin sun so wani abu haka ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kafin a kore su ganga ta koma fes kamar an wanke. Duk man Makau a duniya bai rage ba sai wanda ke jikinsa.

Sai ga Jatau ya matso ya ƙwanƙwasa kafaɗar Makau da ɗan yatsa, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya ɗaga murya. "Jama'a, ni ne shaida, kuma gaskiya ɗaya ce. Man ga bai narke ba!"

Nan take kasuwa ta ɗauka. "Wallahi bai narke ba!" "Luba, magana ta kama ki!" "A kai goro Nasarawa Burkullu!" Hure ta rangaɗa guɗa. Idanun Makau, su kaɗai ke motsi a jikinsa, suka juyo wurin Luba suna rawa.

Luba ba ta taɓa cin maganarta a kasuwa ba, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Ta ɗaga kai ta dubi rana, tana tsakiyar sama ko karkata ba ta yi sosai ba. Ta jawo kujerarta ta zauna a inuwa, ta kwance goro daga bakin zane.

"Maganata tana nan. Na ce ya wuni har faɗuwar rana. In ta faɗi yana tsaye da manshi, ni da kaina zan biya kuɗin motar magabatan."

"Zan iya," in ji Makau.

Ya ko yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Gumi ya rasa hanyar fita, yana yawo tsakanin fata da ɓawo. Hancinsa ya fara ƙaiƙayi, hannu ba ya kaiwa. Wani ƙudan zuma ya gaji da zagaye ya zauna masa a leɓe. Duk ya daure. Abin da ya karya shi farin bijimin nan ne. Ya gama da ƙasa, ya waiwayo ya ga sauran daɗin yana tsaye da ƙafa biyu. Ya tako a hankali ta baya, mai shi na jan igiya yana jan mai shi, ya zaro harshe mai kaushi kamar kankare, ya lasa tun daga tsatso har ƙeya. Ɓawo ya tashi da gashin bayan gaba ɗaya.

Ihun da Makau ya yi sai da fuskarsa ta tsage gida biyu.

"Ku cire min! Wayyo Inna! Ku cire min shi!"

Aka kwarara masa bokitin ruwa, kaki ya ce bai san zancen ba. Namadi mai inji ya kama gefen gemu zai ɓamɓare, Makau ya yi ƙara ya ce a bar masa haɓarsa. Bijimi kuwa ya zagayo gaba yana duban ƙirji.

"Ruwan sanyi ba ya fidda kaki," in ji Luba daga inuwa, tana taunar goro. "Sai an murza man kaɗe tsantsa da ruwan zafi, ya narke. Curi ɗaya ya rage mini duk duniya, sauran ka saye."

"Kawo!"

"A'a. Rana ba ta faɗi ba, kada gobe a ce ni na narkar maka don in tsere ma alkawari. Jatau, kanga mishi abin maganar nan, ya faɗa da bakinshi kowa ya ji."

Jatau ya kanga masa lasifika. Makau ya dubi Luba, ya dubi rana, ya dubi harshen bijimi da ke tahowa. Muryarsa ta karaɗe kasuwar Gummi har tashar mota.

"Don Allah a narkar da shi! Ni Makau na ce a narkar da shi!"

"Na ji, na shaida," in ji Jatau.

Luba ta ɗauko curin daga ƙarƙashin faifai, ta riƙe shi nesa kaɗan da inda yatsunsa ke kaiwa, ta faɗi kuɗin da ya sa har Bafulatanin ya yi salati.

"Haba Luba," in ji Makau, hawaye na gangarowa ta cikin tsagar. "Ko yanzu ba ragi?"

"Ragi na mijin aure ne," in ji Luba. "Kai mai saye ne. Biya, bijimin ga bai ƙoshi ba."